Tsoho ya yi shiru a gadon asibiti, ƙafa ta kumbura bayan sallama: mene ne haɗinsu?

Me ya sa dattijon da aka kwantar a asibiti saboda karaya, ko ciwon haƙarƙari, ko aikin mafitsara, sai ciwon da ya kai shi ya warke amma shi bai dawo yadda aka san shi ba? Ya daina hira, ya ture kwanon abinci, ya juya fuska bango. An sallame shi, bayan 'yan makonni ƙafa ɗaya ta kumbura ta ƙi sacewa. Wani ma yana cikin alwala numfashi zai sarƙe, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki a Gusau ko Ƙauran Namoda sai ka ji an raba abin gida uku: shirun tsufa ne, kumburin sanyi ne ko kuma wani abu ya taka, mutuwar kuwa kwana ne ya ƙare.

Babu Musulmin da zai ja da cewa kwana ne ya ƙare. Amma sababi ma yana da suna, kuma a nan sababin biyu ne da ake iya ganewa, ake iya magancewa: ciwon damuwa da daskarewar jini a jijiya. A watan Oktoba duniya na tunawa da ranar tsofaffi a 1 ga wata, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa a 10, ranar wayar da kai kan daskarewar jini a 13. Ana maganar kowace ita kaɗai. A jikin tsohon da ke kwance kuwa, tare suke tafiya, ɗaya na ciyar da ɗaya.

Ciwon damuwa ba ɓacin rai ba ne

Kowa ransa na ɓaci, kuma wanda ke kwance da ciwo ba a jiran ya yi ta fara'a. Ɓacin rai na zuwa ya wuce: jika ya shigo, tsohuwa ta yi murmushi, an kawo fura ta sha. Ciwon damuwa ba ya ɗagawa haka. Likitoci suna kiran sa ciwo idan mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin zuciya ko kuma komai ya fita daga ransa, har abin da yake so a da. Sai a haɗa da wasu alamun: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya gagara, jiki ya mutu, tunani ya tsaya, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, ko ya riƙa fatan mutuwa.

A alƙalumanta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma a cikin waɗanda suka haura shekara 60 ya kai kashi 5.7 cikin ɗari. Kada a ce ciwon Turawa ne. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Ibadan suka yi kan tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama, wanda aka wallafa a 2007, ya gano cewa kusan kashi 26 cikin ɗari sun taɓa yin ciwon a rayuwarsu, kashi 7 kuma sun yi shi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A ƙasar Yarabawa aka yi aikin, ba a nan ba, amma tsofaffinmu ba su fi nasu samun sauƙin rayuwa ba. Idan aka shiga ɗakin marasa lafiya adadin ƙaruwa yake yi. A cikin waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke faɗawa ciwon damuwa.

Abin da ke sa a kasa gane shi a wurinmu shi ne tsoho ba zai buɗe baki ya ce zuciyarsa ta karaya ba. Ka ce masa, "Baba, ya jikin?" zai ce da sauƙi. Ka ce, "Inna, me ke damunki?" za ta ce babu komai, alhamdu lillahi. Da jiki suke faɗa: kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, gaɓoɓina duk ciwo, ba na barci. Sai a yi ta gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, a yi ta ƙarin ruwa, ciwon na nan inda yake. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje da yawa, wa ke da lokacin tsayawa ya karanta fuska?

Abin da gadon asibiti ke yi wa dattijo

Nan ne ya kamata 'ya'ya da jikoki su tsaya su duba abin da idon mai ciwon. Mutum ne da a gidansa ba a yanke komai sai da shi. Shi ke jan sallah a masallacin unguwa, ko ita ce ake kai wa ƙarar kishiyoyi da surukai. Yau an sa masa robar fitsari, ɗansa ne ke kawo masa fo, ana yaye masa zane a gaban mutanen da bai sani ba. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin babu namijin da ya ga gwiwarta, yanzu likita sa'an jikanta ke duba ta. Wannan kunyar ba ƙaramar aba ba ce, kuma da yawansu sun gwammace su rage cin abinci da shan ruwa don kada su yawaita neman a kai su bayan gida. Ku riƙe wannan batu na ƙin shan ruwa, zai dawo idan mun zo maganar jini.

Sai maganar kuɗi. Ana tsammanin barci yake, alhali yana jin duk shawarar da ake yi a bakin ƙofa: an sayar da sa, za a jinginar da gona, wane ya ƙi turo nasa kason. Daga nan ne kalmar nan ke fitowa, "Na zame muku kaya, ku mai da ni gida." Mutane kan ɗauke ta a matsayin rigima. Sau da yawa ita ce alama mafi bayyana da za a samu.

A Zamfara akwai ƙarin nauyin da ba kowace jiha ke da irinsa ba. Tsofaffi da yawa da ke kwance a Gusau ko Talatar Mafara ba daga gidajensu aka kawo su ba, daga gudun hijira ne. Wani ya baro ƙauyensa a yankin Ɗansadau ko Zurmi ko Shinkafi, gonar da ya gada ta koma daji, an kashe masa ɗa, ko an tattara duk abin da ya tara an biya kuɗin fansa. Ya zo asibiti da zuciyar da ta riga ta gaji. Kuma dubiya, wadda ita ce babbar garkuwarmu, ta ragu saboda hanya. Makon farko ɗaki cike, mako na uku sai mai jinya ɗaya da ita ma ta gaji, sauran suna gaisuwa ta waya.

Akwai kuma dalilai na jiki zalla. Ciwon da ba a kashe zafinsa ba, ƙarancin jini, raunin maƙoƙo, da wasu magunguna irin su sitiroyid, duk suna iya jawo damuwa ko su yi kama da ita. Shi ya sa likita ne ya kamata ya tantance, ba dangi ba.

Ba duk shiru ne iri ɗaya ba

Abubuwa uku ake cakuɗawa a kira su rikicin tsufa. Na farko ruɗewa ta farat ɗaya: jiya lafiya lau, yau bai gane 'yarsa ba, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana ganin abin da babu, abin ya fi tsanani da dare, da safe ya lafa. Wannan gaggawa ce, galibi ƙwayar cuta ce a fitsari ko huhu, ko fitsari ya riƙe, ko gishirin jiki ya sauka, ko wani magani ya yi masa ƙarfi. Na biyu ciwon mantuwa, wanda ke tafiya a hankali cikin watanni da shekaru. Na uku ciwon damuwa, inda mutum ya san kowa, ya san inda yake, amma amsarsa ba ta wuce "ban sani ba" ko "ku ƙyale ni".

Tantancewar farko ba ta buƙatar na'ura. Akwai jerin tambayoyi 15 na e ko a'a da aka tsara musamman don tsofaffi, ana gama su cikin 'yan mintuna. Akwai ma gajeren da bai wuce tambaya biyu ba: a makonni biyun nan, kana jin ƙunci ko yanke ƙauna? Abubuwan da kake so a da sun fita daga ranka?

Yadda jini ke daskarewa a ƙafa

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafa, amma dawowarsa sama aikin tsokar sharaɓa ne. Duk takun da mutum ya yi, tsokar na matse jijiyoyin da ke can ciki, jini ya hau, wasu 'yan marufai da ke cikin jijiyar su rufe don kada ya koma ƙasa. Kamar famfon tuƙa-tuƙa ne: in ana tuƙawa ruwa na hawa, in an saki ya tsaya. Jinin da ya tsaya kuwa yana iya yin guda.

Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ne ya nuna a shekarun 1850 cewa gudan jinin da ake samu a huhun mamaci daga ƙafa ya taso. Ranar haihuwarsa ce aka mayar ranar wayar da kai kan ciwon tun daga 2014. Har yau dalilai uku ake koyarwa da sunansa: jini ya daina gudu, jikin jijiya ya ji rauni, ko jinin ya ƙara saurin daskarewa. Tsohon da ke kwance yana haɗa ukun. Ba ya motsi. An yi masa aiki ko ya karye a ƙugu. Ga tsufa, ga zazzaɓi, ga ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin Afrilu da Mayu, wani ga ciwon daji ko ciwon zuciya. Wanda mai ɗori ya ɗaure wa ƙafa ya kwantar da shi a ɗaki wata biyu yana cikin haɗari ɗaya da wanda ke gadon asibiti, sai dai shi babu mai duba shi.

A katin asibiti za ka ga an rubuta DVT, wato daskarewar jini a jijiyar da ke can cikin ƙafa. Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, ta yi zafi, sharaɓa ta yi tauri tana ciwo. Kumburin ƙafa biyu tare ya fi nuna ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Wani lokaci babu wata alama ko kaɗan. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, sai numfashi ya yi wuya nan take, ƙirji ya riƙa suka, zuciya ta yi ta bugawa, wani ya yi tarin jini, wani ya faɗi. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce ciwon na kashe mutum 60,000 zuwa 100,000 a ƙasar duk shekara, kuma a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda gudan ya kai huhu, mutuwar fuju'a ce alamar farko. Masana fannin sun ƙiyasta cewa har kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon sun same shi ne suna kwance a asibiti ko cikin kwana 90 bayan sallama.

Abin da gudan jini ke bari a baya

Mutane sun fi jin tsoron mutuwar farat ɗaya, kuma da gaskiyarsu. Amma mafi yawan masu ciwon suna rayuwa, kuma abin da ke biyo baya ne ba a faɗa musu.

Gudan jini ko ya narke yakan bar jijiyar da tabo, ya lalata marufan nan. Daga nan jini ya riƙa taruwa a ƙasan ƙafa. Mutum zai tashi da safe ƙafar da dama-dama, zuwa la'asar ta yi nauyi ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Tsayuwa na ƙara ciwon, ɗaga ƙafa na rage shi. Fatar da ke saman idon sawu ta yi baƙi, ta yi ƙaiƙayi, ta yi tauri. A ƙarshe ɗan ƙwarzane kaɗan sai ya zama gyambon da ke shekara bai rufe ba. Tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda suka yi daskarewar jini a ƙafa suna samun wannan matsala cikin shekara biyu, kashi 5 zuwa 10 kuma nasu yakan yi tsanani. Haɗarin ya fi yawa ga tsoho, ga mai ƙiba, ga wanda gudan ya hau har cinya ko matsematsi, ga wanda ciwon ya maimaita a ƙafa ɗaya, da wanda bai sha magani yadda ya kamata ba a watanni ukun farko.

Irin wannan gyambo ne ake cewa jifa ne ko sammu, a yi ta barbaɗa masa garin magani. Matsalar ba a fatar take ba, a jijiyar da ke ƙarƙashinta take, kuma ba zai rufe ba sai an rage taruwar jinin ta hanyar naɗe ƙafar da bandeji mai matsewa yadda ma'aikatan lafiya suka iya, da ɗaga ta, da tafiya.

Huhu ma yana da nasa. Da yawa daga waɗanda gudan ya taɓa kai wa huhu suna yin watanni suna haki. A cikin kowane ɗari, biyu zuwa huɗu gudan ba ya narkewa, sai ya ƙandare a jijiyoyin huhu, hawan jini ya taru a can, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta wahala har ya gaza. Mutumin da a da yake zuwa masallaci da ƙafa yanzu sai ya huta sau biyu a hanya. Ana ce masa asma ce ko tsufa. Duk wanda ya sha magani wata uku haki bai bar shi ba, yana buƙatar hoton zuciya.

Sannan ciwon na dawowa. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana sake samunsa cikin shekara 10, musamman wanda nasa ya zo babu wani dalili bayyananne.

Inda ciwon biyu suka haɗu

Mai ciwon damuwa ba ya son tashi. Nas ta ce a zaunar da shi, ya ce a ƙyale shi. 'Ya'ya, saboda tausayi da ladabi, suka ce, "Baba kwanta ka huta." Kowa ya yi abin da yake gani alheri ne, amma sakamakon shi ne ƙafar da ba ta motsa ba kwana da kwanaki. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu cikakkiyar lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. To ina ga mara lafiya da ba ya cin abinci? Tsokar da ta tafi ita ce mai tura jinin.

Idan gudan ya samu, sai abin ya juyo. Ƙafa mai nauyi ta hana shi jam'i, ta hana shi majalisa, ta hana tsohuwa zuwa suna da biki. Gyambo na wari, mutum ya fara ɓuya, jikoki su ja baya. Wanda ya taɓa jin numfashinsa ya ɗauke yakan zauna cikin fargaba, duk ɗan sukar ƙirji ya ce ta zo. Damuwa ta ƙaru, zama ya ƙaru. Kuma mai damuwa shi ne kan gaba wajen barin magani, don bai ga abin da zai rayu dominsa ba, alhali barin maganin a watannin farko shi ke buɗe ƙofar gyambo da dawowar ciwon.

Bincike da dama sun nuna masu ciwon damuwa sun fi saura samun daskarewar jini. Masana sun rabu kan dalili: wasu na cewa rashin motsi ne kawai, wasu na ganin damuwar kanta na canja yanayin jini, wasu na zargin wasu magungunan. Ga mai jinya wannan saɓani bai canja komai ba, don duk ɓangarorin sun yarda cewa dogon kwanciya illa ce.

Magani, da inda ake tuntuɓe

Ana tabbatar da gudan jini a ƙafa da sikanin na jijiyoyi, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita. Maganinsa shi ne abin da mutane ke kira maganin tsinka jini, kuma mafi ƙaranci wata uku ake sha. Wasu, kamar masu ciwon daji ko waɗanda nasu ya maimaita, sai su zarce. Akwai allurar Clexane da ake yi a fatar ciki. Akwai ƙwayar wafarin, mai arha amma mai wuyar sha'ani, don sai ana gwajin jini na INR a kai a kai, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Akwai sababbi irin su Xarelto da Eliquis da ba sa buƙatar wannan gwaji, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Ga mutumin Gummi ko Maru da gwajin ke nufin kuɗin mota da hanyar da ba ta da tabbas, maganin mai arha yana iya zama shi ne mai tsada. Wannan magana ce da ya kamata a yi da likita tun ranar farko, a faɗa masa gaskiyar aljihu da nisan gida.

Mai shan waɗannan magunguna jininsa ba ya saurin tsayawa. Don haka ƙaho, da sakiya, da tsaga, duk sun haramta gare shi a likitance, kuma su ne abubuwan farko da ake kawowa idan ƙafa ta kumbura. Tausa ma a bar ta a kan sabon kumburi. Magungunan ciwon jiki na kemis, irin su diklofenak da Brufen da asfirin, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Flagyl da Septrin na ƙara wa wafarin ƙarfi, maganin tarin fuka na rifamfisin na rage masa. Ganyayyaki irin su alayyahu da zogale suna rage ƙarfinsa, amma ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado ba yau tuli gobe babu ba. Baƙin kashi, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko faɗuwar da aka bugu a kai, duk sai asibiti nan take.

Maganin damuwa ma akwai, kuma tsofaffi na warkewa. Ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Tsohon maganin nan amitiriftilin, wanda ya fi samuwa, yana iya riƙe wa tsoho fitsari, ya sa shi jiri da ruɗewa da faɗuwa. Sababbin, irin su satralin, sun fi sauƙi, sai dai idan aka haɗa su da maganin tsinka jini haɗarin zubar jini na ɗan ƙaruwa. Wasu likitoci kan yi ɗari-ɗari saboda haka. A ganina barin damuwar babu magani ya fi haɗari, matuƙar likitan da ke rubuta ɗaya ya san da ɗayan. Matsalar na faruwa ne idan an karɓo wannan a Gusau, wancan a Sakkwato, babu wanda ya ga takardar wani.

Akwai saɓani kuma kan safa mai matse ƙafa. An daɗe ana cewa tana hana matsalar da ke biyo bayan gudan jini, sai wani babban gwaji kan mutum kusan 800 da aka wallafa a 2014 ya nuna ba ta hanawa. Tana dai rage kumburi da nauyi ga wanda ya riga ya samu. Mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai kada ya sa sai an duba shi. Haka nan tsohuwar koyarwar cewa mai gudan jini ya kwanta kada ya motsa an bar ta: da zarar an fara magani kuma likita ya ga babu matsala, tafiya ake so.

Shin rashin tawakkali ne?

Wannan ce maganar da ta fi hana tsofaffi faɗin abin da ke ransu. Wanda ya yi shekara saba'in yana ibada zai ji nauyin ya ce ya ƙosa da rayuwa, kada a ce imaninsa ya yi rauni. Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya ta fuska ɗaya: addu'a, karatun Alƙur'ani da zama da mutanen kirki suna ƙarfafa zuciya, kuma babu likitan kirki da zai hana. Amma Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma babu mai tuhumar imaninsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ya yi umarni da neman magani. Malamin da ya zo dubiya ya ce wa dattijo, "Malam, wannan ma ciwo ne, ka sha maganinka," ya yi aikin da likita goma ba za su iya ba.

Ɗaya tsoron shi ne a ce an haukace. Sunan Kware kaɗai, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake a jihar Sakkwato, ya isa ya sa iyali su ja da baya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a sama da miliyan 200, don haka jiran ƙwararre ba mafita ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta nufi a shigar da wannan kulawa cikin asibitocin yau da kullum. Likitan da ke duba hawan jinin Baba zai iya fara duba damuwarsa a gado ɗaya. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, inda ake turo marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 14 na jihar Zamfara, su ne wuraren da ya fi dacewa a ga tambayoyin nan biyu sun zama al'ada ga duk tsohon da aka ba gado.

Abin da ke hannun mai jinya

A asibitocinmu dangi ne ke yin rabin aikin jinya, kuma wannan dama ce. Idan likita bai hana ba, a zaunar da tsoho ya ci abinci a zaune, a taimaka masa ya taka ko zuwa bakin ƙofa ne sau da yawa a yini. Wanda ba ya iya tashi, ya riƙa lanƙwasa sawunsa sama da ƙasa yana kwance. A ba shi ruwa sai in an taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. A kawo masa tabaransa, carbinsa da rediyonsa. A tsara dubiya ta yadda mako na uku ba zai zama kango ba. A daina lissafin kuɗi a kusa da kunnensa, amma a ci gaba da neman shawararsa kan al'amuran gida, don ya san har yanzu ana buƙatarsa. Idan ya ce gara ya mutu, kada a tsaya ga "haba Baba, daina faɗin haka", a sanar da likita, a kuma ɗauke magunguna daga inda hannunsa zai kai.

Mai jinya na da damar tambaya cikin ladabi: "Likita, an duba ko Baba na cikin haɗarin daskarewar jini?" Akwai allurar rigakafi da ake yi kullum ga masu haɗari, ko da yake ba kowa ta dace da shi ba, misali wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini. Ranar sallama a tambayi wata nawa za a sha kowane magani, yaushe za a dawo, wane gwaji za a yi, a rubuta a ajiye.

Watanni ukun da ke biye da sallama suna cikin jinyar. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya canja, ko ƙirji ya fara suka, a nufi babban asibiti a ranar, ba kemis ba. A gaya wa likitan da aka tarar cewa an kwantar da shi kwanan nan, a miƙa masa katin sallama da duk kwalayen magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya.